Yadda Ake Gano Asalin Tsutsar Ƙuda da Aka Samu a Jikin Ƙudan Zuma

Mai kiwon zuma ya tarar da 'yan zumarsa suna rarrafe a ƙasa gaban amya, sun kasa tashi. Ya ɗauki ɗaya ya matse, sai ga farar tsutsa. Abin da zai fara tambaya shi ne wace tsutsa ce wannan, kuma amsar ba ta samuwa a ranar. Ko masanin ƙwari aka miƙa wa ita, in mai gaskiya ne, iyakarsa ya ce tsutsar ƙuda ce, in ya yi nisa ya faɗi danginta. Tsutsotsin ƙudaje kusan duk kamarsu ɗaya: farare, ba ƙafa, ba wani kai da ido zai gani, tsini a gaba, kauri a baya. Ga shi kuma yawancin sunayen da masana suka raɗa wa ƙudaje da siffar babba mai fiffike aka raɗa su. Akwai ƙudaje da yawa da har yau ba a haɗa tsutsarsu da babbansu a rubuce ba.

Don haka aikin yana da tsari, kuma rabinsa haƙuri ne. A nan in na ce zuma ƙwaron nake nufi, in na ce ƙuda to maharin ke nan.

Fara da sanin waɗanda ake tuhuma

Wanda ya fi kowa suna a intanet shi ne Apocephalus borealis, ɗan mitsitsin ƙuda na Arewacin Amurka daga dangin Phoridae. An raɗa masa suna tun 1924, an kuma san shi da kama rina da wasu manyan zuman daji masu gashi. A 2008 Farfesa John Hafernik na Jami'ar Jihar San Faransisko ya tsinci wasu zuma a ƙarƙashin fitilun ginin da yake aiki, ya zuba su a kwalba ya manta da su a kan tebur. Da ya waiwaye su sai ya tarar da kwasfar tsutsar ƙuda, wato ɓawon da tsutsa ke ƙandarewa a ciki kafin ta zama ƙuda, kewaye da gawarwakin. Shi da abokan aikinsa suka buga bincikensu a mujallar PLoS ONE a Janairun 2012. Macen tana zuba ƙwai a cikin zuma, zumar da ta kamu takan bar amya da dare ta nufi haske tana tangaɗi, bayan kamar kwana 7 kuma tsutsotsi su ɓullo ta wuyanta, wani lokaci har 13 daga zuma ɗaya. Labarin ya yi daɗin ji, jaridu suka yi ta yayata shi. Tun daga nan duk wanda ya ga tsutsa a zuma, ko a wace nahiya yake, wannan sunan yake fara ɗorawa. Kama da wane kuwa ba ta wane.

Na biyu shi ne Senotainia tricuspis, ƙuda mai launin toka, tsawonsa milimita 5 zuwa 8, wanda in ba ka lura ba za ka ɗauka ƙudan gida ne. Danginsa Sarcophagidae, wato ƙudajen nama. Masu kiwon zuma a Italiya, Sifen, Fotugal, Yukiren, Jodan da ƙasashen Arewacin Afirka sun san shi. Macen ba ƙwai take ajiyewa ba, tsutsa take haifa da ranta, takan kuma ɗauki 700 zuwa 800 a cikinta. Tana zama a kan murfin amya da tsakar rana lokacin zafi, zuma na giftawa ta bi ta a guje ta ɗora mata tsutsa a wuya, inda fata ta fi laushi. Tsutsar ta shige ƙirji, ta sha ruwan jikin zumar, ta ci naman da ke kaɗa fiffike. Zumar ta mutu cikin kwana 2 zuwa 4, tsutsar ta ƙarasa abin da ya rage, ta fita ta nutse cikin ƙasa ta yi kwasfa.

Na uku ɗan nahiyarmu ne, Rondaniooestrus apivorus, daga dangin Tachinidae, wanda aka raɗa wa suna a 1916. An san shi a Afirka kudu da Sahara, musamman kudanci da gabashin nahiyar. Macen tana shawagi a bakin amya, ta ɗora tsutsa a kan zumar da ke shirin shiga. Wannan tsutsa ciki take shiga, ba ƙirji ba, ta yi ta girma har ta cika shi, bayan kamar mako 4 zumar ta mutu, ita kuma ta fita zuwa ƙasa.

Sai dangin Conopidae, masu ƙaton kai da siririn ƙugu, waɗanda ke kama da zanzaro. Suna tare zuma a kan fure, su cafke ta, su cusa mata ƙwai ɗaya a ciki. Tsutsarsu ba ta fita, a cikin gawar take yin kwasfa. A Kudancin Amurka kuma akwai Melaloncha, wasu 'yan Phoridae masu kashe zuma, amma ba su shafe mu ba sai dai a san da su.

Na ƙarshe shi ne mai rikita lissafi, Megaselia scalaris. Shi ma ɗan Phoridae ne, milimita 2 zuwa 3, ruwan ƙasa-ƙasa, yana nan kusan ko'ina a ƙasashe masu ɗumi, a bola, a kicin, a asibiti. Abincinsa na asali duk abin da ya mutu ko ya ruɓe. Sai dai an sha samunsa yana kama ƙwari masu rai idan sun raunana, kuma a 2018 wasu masu bincike sun ba da rahotonsa a jikin zuma a Kamaru. To a nan gizo ke saƙa. Idan ka samu tsutsarsa a gawar zuma, shi ya kashe ta ko gawa ya tarar? Duk matakan da ke tafe an tsara su ne don wannan tambaya, domin sanin sunan tsutsa daban, sanin ko ita ce mai laifin daban.

Mataki na farko: tabbatar tsutsar ƙuda ce

Ɗora ta a kan farar takarda ka duba da gilashin ƙara girma. In tana da ƙafafu, ba ta ƙuda ba ce. Tsutsar da ke cin kaki tana da kai mai duhu, ƙafafu shida a gaba da wasu gajeru a ciki, tana kuma barin yana a saƙa. Tsutsar ƙaramin ƙwaron amya, Aethina tumida, wanda asalinsa ɗan Afirka ne kuma ya cika amyoyinmu, ƙafafu shida gare ta da ƙananan ƙayoyi jere a baya. Akwai kuma Braula coeca, ƙuda marar fiffike da ke maƙalewa a jikin zuma. Tsutsarsa ramuka take yi a murfin kakin saƙa, ba ta shiga jikin kowa. Wadda muke nema ba ta da ƙafa ko ɗaya, a tsininta kuma za ka hango baƙaƙen ƙugiyoyin baki suna shiga suna fita.

Mataki na biyu: ɗebo zuma kashi uku, kada su haɗu

Tanadi kwalaben gilashi masu tsabta da yawa, ƙyallen auduga mai saƙa a matse, kyauro, auduga, matsefata, sabuwar reza, fensir, farar takarda, rula, yashi, da sinadarin itanol daga masu sayar da kayan ɗakin gwaji. Sa kayan kariya tun daga kai har ƙafa. Zumarmu ta Afirka ba ta da haƙuri da rana tsaka, don haka a janye yara da dabbobi daga wurin tukuna.

Kashi na farko su ne lafiyayyu masu dawowa daga kiwo. Toshe bakin amya na minti ɗaya ko biyu, waɗanda suka taru a ƙofa ka share su cikin kwalba, 50 zuwa 100 daga kowace amya, ka buɗe musu ƙofa nan take. Kada ka daɗe da toshewa a cikin zafi. Kashi na biyu masu rarrafe ne da masu tangaɗi, waɗanda ke da sauran rai. In ka ga zuma a gindin fitila da dare, ita ma ɗauke ta, amma a kwalbarta daban. Kashi na uku gawarwakin da ka tsinta a ƙasa.

Wannan rabo shi ne ginshiƙin aikin duka. Tsutsar da ta fito daga kashi na farko shaida ce mai ƙarfi, domin zumar tana tashi da ƙarfinta alhali tsutsar na cikinta. Ta kashi na biyu shaida ce mai rauni, saboda mai yiwuwa wani abu ne ya kayar da zumar kafin ƙuda ya same ta a ƙasa. Ta kashi na uku kuwa ba shaida ba ce ko kaɗan. Gawar da ta kwana a ƙasa, ƙudaje iri-iri sun ziyarce ta. Ka tuna kuma abin da ke faruwa lokacin feshin wake da auduga: guba ta zubar da zuma tuli a gaban amya, bayan kwana biyu tulin ya cika da tsutsa, mai amya ya zo ya ɗora wa tsutsa laifin da na feshi ne. Yunwa, cutar Nosema mai kama hanjin zuma, da wasu ƙwayoyin cuta su ma suna sa zuma rarrafe.

Da zarar zuma ta shiga kwalba, rufe bakin da ƙyalle ninki biyu ka ɗaure da kyauro tam. Gidan sauro ba ya aiki a nan. Megaselia yana bi ta ramukansa, in ma bai bi ba macen tana iya zuba ƙwai ta tsakaninsu. Ƙuda ne da ya shahara wajen shiga abin da aka rufe, har a ɗakunan gwaji yana lalata wa masana ƙwarin da suke reno.

Ga wata dabara da ta cancanci ɗan wahalar da ke cikinta. Ware zuma 10 daga kashi na farko ka sa a firiza su kwana, sanyi zai kashe su da duk abin da ke cikinsu. Zuba su a kwalba, ka rufe kamar yadda ka rufe sauran, ka ajiye a gefensu. In tsutsa ta bayyana a wannan kwalba, to rufinka na yoyo, kuma duk abin da ya fito a sauran kwalaben abin shakka ne. Sai a sake daga farko.

Mataki na uku: feɗe rabi

Raba kowane kashi biyu, rabi na fiɗa, rabi na reno. Na fiɗa ka sa su a firiza na ɗan lokaci har su daina motsi. Haɗa ruwan gishiri, giram 9 a lita ɗaya, ka zuba kaɗan a farin faranti don kada abin da za ka fitar ya bushe. Riƙe zumar da matsefata ka cire kan, ka leƙa ramin da ya buɗe a ƙirji, ka ɗan matsa a hankali. Sannan ka tsaga ƙirjin da reza. Daga nan ka koma ciki, ka tsaga shi ta gefe, ka baje a cikin ruwan. Tsutsar da ba ta daɗe da shiga ba ba ta kai milimita ɗaya ba, saboda haka ana bukatar haske sosai, in so samu ne ma a yi aikin da madubin ɗakin gwaji na wata makaranta ko asibitin dabbobi.

Kowace zuma ka rubuta abu uku: a ina tsutsar take, guda nawa ce, kuma yaya bayanta yake. Tsutsa ɗaya a ƙirji tana nuni ga Senotainia. Babba ɗaya da ta cika ciki tana nuni ga Conopidae ko Rondaniooestrus. Ƙanana da yawa a zuma ɗaya suna nuni ga Phoridae. Nuni ne kawai, domin tsutsa takan yi ƙaura daga wani sashe zuwa wani idan zuma ta mutu, kuma zuma ɗaya tana iya ɗaukar iri biyu.

Bayan tsutsa ya fi gabanta ba da labari, domin a can kafofin numfashinta biyu suke. A ƙudajen nama kafofin suna ɓoye cikin wani rami mai zurfi, sai ka ɗan buɗa za ka gan su. A Conopidae manya ne, ja-ja ko ruwan ƙasa mai duhu, suna fitowa ɓaro-ɓaro. A Phoridae ƙanana ne a kan 'yan tudu biyu, jikin tsutsar kuma ya ɗan baje, da 'yan ƙananan tsiro a gefe-gefe. Wani abin lura: tsutsar ƙuda tana saɓa sau biyu, wato matakin girma uku take bi, kuma siffarta tana canzawa a kowanne. A ƙudajen nama da danginsu na kusa, tsaga biyu ake gani a kowace kafar numfashi a mataki na biyu, uku a mataki na uku. Littattafan tantancewa galibi mataki na uku suke bayyanawa. Mutum biyu za su iya gardama a kan tsutsa biyu, kowa ya ba tasa suna daban, alhali ƙuda ɗaya ne, bambancin na kwanaki ne.

Iyakar abin da fiɗa za ta ba ka shi ne dangi. Wanda ya ce maka daga hoton tsutsa a waya ya gane nau'inta, ka gode masa, ka ci gaba da aikinka.

Mataki na huɗu: reno, wanda shi ne ainihin aikin

Rabin da ka ware masu rai, ka ba su ruwan sukari, awo ɗaya na sukari awo ɗaya na ruwa, a jiƙa auduga a sa musu. Ajiye kwalaben a inuwa mai iska, ba a ɗakin kwano da ke tafasa da rana ba. Jera su a cikin tire mai ruwa saboda kiyashi da tururuwa, waɗanda za su iya kwashe aikin mako guda a dare ɗaya.

Kullum safe ka duba. Duk wadda ta mutu ka fitar da ita da sauri, a ɗakin da ba ƙudaje, ka mayar da ita wata kwalba mai yashi zurfin santimita 3 zuwa 5. Yashin a soya shi a tukunya tukuna ya huce, don kashe duk wani ƙwai ko kwasfa da ke ciki, sannan a ɗan yayyafa masa ruwa. Laima kaɗan ake so. In ya jiƙe fumfuna za ta cinye komai, in ya bushe ƙayau, musamman da hunturu, kwasfar ta mutu. Kowace gawa da kwalbarta in kana da kwalabe, in babu to a haɗa waɗanda suka fito daga amya ɗaya suka mutu rana ɗaya. Amfanin kwalba ɗaya zuma ɗaya shi ne ka san adadin da ya fito daga kowacce.

Rubuta ranar da zuma ta mutu, ranar da tsutsa ta fito, ta inda ta fito, da ranar da ta ƙandare ta yi kwasfa. Kwasfar ma shaida ce. Ta Senotainia da ta Rondaniooestrus a cikin yashi za ka same su, masu kai biyu a dunƙule, ruwan ƙasa mai duhu. Ta Phoridae ƙarama ce kamar ƙwayar riɗi, ta ɗan baje, tana maƙale a jikin kwalba ko kusa da gawa, da 'yan ƙahonni biyu na numfashi a gaba. In kwana goma sun wuce ba abin da ya fito, kada ka zubar da gawar. Taɓa cikinta da matsefata. In ka ji ya yi tauri ya cika, mai yiwuwa kwasfar Conopidae ce a ciki.

Sai jira. Megaselia a ɗumi ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu a kwasfa. Senotainia ma haka yake a lokacin zafi, amma wadda ta yi kwasfa a ƙarshen kaka a Turai sai shekara ta zagayo take fitowa. Apocephalus borealis yakan kai mako huɗu. Conopidae suna iya yin watanni. Kwalbar da ta yi shiru ka bar ta a wurinta wata uku ko fiye, kana ɗiga wa yashin ruwa jifa-jifa.

Ranar da ƙuda ya fito, kada ka yi gaggawar kashe shi. Sabon fitowa jikinsa da laushi, launinsa bai nuna ba, fiffikensa bai gama miƙewa ba. Bar shi ya kwana ɗaya, sannan ka sa kwalbar a firiza. A wannan kwana ɗaya ka kalli tafiyarsa. Ɗan Phoridae ƙanƙani ne mai doro, ya fi son gudu da tashi, yana gudu yana tsayawa yana sake zabura, jijiyoyin fiffikensa masu kauri sun taru a gaba kusa da kafaɗa, sauran sirara ne. Mai launin toka da gashi tsaitsaye, girman ƙudan gida, ko dai Sarcophagidae ko Tachinidae. Mai kama da zanzaro, Conopidae.

Ka tattara duka, kada ka zaɓi kyakkyawa ɗaya ka watsar da saura. Dalili shi ne a Megaselia da ƙudajen nama, al'aurar namiji ake dubawa a madubi kafin a faɗi nau'i, a Apocephalus kuwa abin zuba ƙwan mace ne ya fi bambanta su. In mata zalla ka aika alhali namiji ake bukata, aikin ya tsaya. Jinsin Megaselia kaɗai yana da nau'i sama da 1,500 da aka raɗa wa suna, masana kuma sun yarda waɗanda ba a raɗa wa ba sun fi haka yawa nesa ba kusa ba. Kwasfar da ƙuda ya fito daga cikinta ka ajiye ta tare da shi, ita ce ke haɗa tsutsa da babba.

Mataki na biyar: adanawa

Tsutsotsin da ka samu wajen fiɗa, da kaɗan daga waɗanda suka fito wajen reno, raba su biyu. Waɗanda za a duba siffarsu ka tsoma su a ruwan da ya tafasa aka sauke, na daƙiƙa 30, sannan ka mayar da su itanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin 100. Ruwan zafin yana sa su miƙe, ya hana su yin baƙi da tsukewa. In mai ƙarfin 95 ka saya, awo uku nasa da awo ɗaya na ruwa mai tsabta zai ba ka kusan 70. Na gwajin ƙwayar halitta, wato DNA, kuwa kai tsaye za su shiga mai ƙarfin 95, ba ruwan zafi, kowace da kwalbarta, a canza musu sinadarin washegari, a ajiye a firji ko wuri mai sanyi da duhu. Sifirit na kemis zai iya riƙe siffa in ba wani, amma bai dace da gwaji ba. Fomalin kuwa yana lalata ƙwayar halitta, kada ya kusance su. Manyan ƙudajen ma a itanol za ka ajiye, sai in wanda za ka aika wa ya ce a busar a soke da allura.

Takardar bayani a cikin kwalba take zama, ba a manne a waje ba, kuma da fensir ake rubutawa domin itanol yana wanke biro. Rubuta gari da jiha, kwanan wata, lambar amya, kashin da zumar ta fito (mai tashi, mai rarrafe ko gawa), sashen jikin da aka samu tsutsar, da sunanka. Samfurin da ba takarda ba shi da amfani ga kowa.

Ɗauki hotuna kafin ka tsoma komai a sinadari, da rula a gefe: tsutsa ta sama, ta gefe, da bayanta a kusa, kwasfa, babban ƙuda ta gefe da fiffike a buɗe. In ka ɗora gilashin ƙara girma a bakin kyamarar waya, hoton yakan fito fiye da yadda ake zato.

Mataki na shida: kai wa masana

Fara da sashen nazarin ƙwari ko na kare amfanin gona a jami'a mafi kusa. Jami'ar Ahmadu Bello tana da gidan ajiyar ƙwari a Samaru, Zariya. Akwai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa a Vom. A Nijar akwai INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa. A wajen gida akwai ma'ajiyar ƙwari ta IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, a Kwatano da cibiyar binciken ƙwari ta icipe a Nairobi, wadda ke aiki a kan lafiyar zuma. Tuntuɓe su da hotuna kafin ka aika komai, ka ji ko suna da mai duba ƙudaje da yadda suke son a shirya kayan. Kada ka ba da duka, rabi ya zauna a wurinka.

Za a iya ba ka shawarar gwajin DNA. Hanyar da aka fi bi ita ce wadda Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar a 2003: a karanta wani yanki na ƙwayar halitta mai suna COI, mai haruffa kusan 658, a kwatanta da abin da ke rumbunan bayanan DNA na intanet, wato BOLD da GenBank. Hanya ce mai kyau, ita ce ma ke iya ba tsutsa suna ba tare da reno ba. Amma ka san iyakarta. Kwamfuta mafi kusa take nuna maka daga cikin abin da aka riga aka ajiye, kuma ƙudajen Afirka kaɗan ne aka ajiye. In sakamako ya ce kamannin ya kai kashi 99 da samfurin da gwani ya tantance, to madalla. In ya ce 90 ko 92, sunan da ya fito a sama ba sunan tsutsarka ba ne, na wani ɗan uwanta ne. Akwai kuma samfura a rumbunan da tun farko aka sa musu sunan da ba nasu ba. Wani lokaci ma na'ura DNA ɗin zumar take karantowa, domin cikin tsutsar cike yake da namanta. A ganina, duk sunan da ya fito daga gwaji kaɗai, ba a ga babban ƙuda ba, a riƙe shi da hannu biyu amma kada a yi shela da shi, musamman in ƙudan ɗan wata nahiya ne da ba a taɓa kama shi a ƙasar ba.

Kafin amsa ta zo, ga abin yi a wurin kiwo. Share gawarwakin gaban amya kullum ka ƙone, don tsutsa kada ta kai ga ƙasa. Tsaya da tsakar rana ka kalli murfin amya da bakinta, ko za ka ga ƙuda mai toka yana zaune yana zabura bayan zuma. In ka kama shi ka sa a itanol da takardarsa. Masu kiwo a Italiya suna ɗora farin allo mai danƙo a kan murfi don kama Senotainia, domin fari yana jan ta. Feshin maganin ƙwari a kusa da amya kuwa zumar zai fara kashewa.

Mataki na bakwai: rubuta abin da ka samu daidai gwargwadon shaidarka

Lissafin yawan kamuwa daga kashi na farko ake yin sa. In, alal misali, ka feɗe masu dawowa daga kiwo 80 ka samu tsutsa a 4, kashi 5 cikin 100 ke nan na wannan amya a wannan rana. Kada ka haɗa da na masu rarrafe, domin su dama marasa lafiya ka zaɓo, adadinsu zai kumbura lissafin. Kawo nasu daban.

Wajen suna, masana suna da matakai, kai ma ka bi su. In dangi kaɗai aka gane, rubuta "tsutsar Phoridae" ka tsaya. In an gane jinsi ba a gane nau'i ba, a rubuta Megaselia sp. In ya yi kama da wani sanannen nau'i amma ba a tabbatar ba, a rubuta Megaselia cf. scalaris. Cikakken suna sai wanda gwani ya duba babban ƙuda ya tabbatar, kuma a rubuta wa ya duba, a wace shekara, da wace hanya. A gefen sunan ka faɗi ko daga zuma mai tashi aka samu, ko mai rarrafe, ko gawa, sannan ko kwalbar gwajin rufi ta fito da tsabta. Ka kuma ambaci inda sauran samfurin yake ajiye da lambar kowace kwalba, ka riƙa duba su duk wata shida kana ƙara itanol in ya ragu.